Rigunan 'Yan Iska

Wagadugu gari ne a shimfiɗe kamar tabarma. Sai a haifi mutum a Zongo, ya girma, ya yi furfura, bai taɓa hawa abin da ya wuce rufin ɗakinsa ba. Shi ya sa idan na ce na yi shekaru ina hawan tsauni duk Lahadi ina tuƙa jirgin sama, 'yan unguwarmu sukan ce ko ƙaryar ma ban iya shirya ta ba. To akwai tsaunin, akwai jirgin, kuma saura ƙiris su ci mini aure. Gaskiyar magana ma ba su ne suka so ci ba, bakina ne.

Gyaran waya nake yi, a wata 'yar rumfa da ke bakin gudro, wato titin kwalta, tsakanin mai goro da mai wankin babur. Wata Talata wani dattijo Bamoshe ya tsaya da tsohon babur ɗinsa, ya ciro wani baƙin akwati mai 'yan sanduna biyu da eriya, ya ajiye mini a kan tebur. Ya ce mini da Faransanci an kai akwatin unguwar Cissin an kasa, an kai shi unguwar Tanghin an ƙara masa ciwo, sai aka ce masa akwai wani Bahaushe mai surutu a Zongo wanda hannunsa ba ya rawa. Na buɗe akwatin. Wata siririyar waya ce kawai ta saki. Na liƙe ta da dalma cikin minti biyar, sannan na yi kusan awa guda ina yi masa tambayoyi. Ya ce telekomand ce, na'urar tuƙa ƙaramin jirgin sama daga nesa, kuma jirgin ba shi da inji. Na ce jirgin da ba shi da inji ai katako ne. Ya ce in zo ranar Lahadi in ga katako.

Ashe aikin gyaran jiragen sama ya yi har ya yi ritaya, sai ya kasa zama. Shi ya tara mutane, su goma, suka zama kulob. Duwayan suke ce masa, wato babban cikinsu. Ni tun ranar farko Tsoho na kira shi, ya kuma amsa. Ni na zama na sha ɗaya, kuma ni kaɗai ne Bahaushe.

A wancan lokacin fita bayan gari bai zama abin da mutum zai tsaya yana tunani a kai ba. Mukan haɗu da hantsi, bayan Tsoho ya fito daga coci, mu ɗaure fukafukan jirage a bayanmu, mu yi tafiyar da ta fi awa ɗaya a kan babura. Fiffike ɗaya ya kai tsawon mutum. Masu kallonmu a hanya sun ɗauka ƙyauren taga muke talla. Tsaunin kuwa wani tudu ne na jan dutse, wanda mutanen ƙasashen duwatsu za su ji kunyar kiransa tsauni, amma mu da shi muke taƙama. Gefensa ɗaya a tsaye yake, yana fuskantar inda iska ke fitowa gab da damina. Idan ta taho ta bugi gefen nan, ba ta da hanya sai sama, sai mu jefa jirgi ya hau bayanta. Iyakar sirrin ke nan. Sauran duk jira ne.

Ni kuwa jira ba halina ba ne. Sai mu yi awa biyu a zaune muna shan shayi, Tsoho na tsinko ciyawa yana watsawa sama yana kallon inda ta faɗi, kamar mai duba. In na ce ta zo, sai ya ce wannan ba ita ba ce, 'yar aikenta ce. Ranar da ya fara ba ni telekomand, na riƙe sandar nan kamar zan tuƙa tuwo. Jirgin ya yi dama na fizgo shi hagu, ya yi hagu na fizgo shi dama, kafin in ce wani abu ya soka kai cikin wata ƙaya a gindin tudu, awaki suka watse. Na tsaya ina jiran faɗa. Tsoho ya miƙo mini buhu ya ce in sauka in tsinto kowane guntu, har wanda bai kai farce ba. Na dawo hannuna duk jini. Makon nan gaba ɗaya a gidansa na yi yammacina, muna liƙe gutsattsari da gam, matarsa tana kawo mana zomko, ruwan gero mai sanyi. Bai taɓa ce mini na ɓata masa jirgi ba. Abin da ya ce kawai shi ne hannuna ya fi iskar sauri, in riƙa bari ta gama maganarta.

Akwai wani abu da yake yi wanda har yau in na tuna sai zuciyata ta yi laushi. Mu uku ne Musulmi a cikin kulob ɗin. Da zarar mun shimfiɗa kwali za mu yi la'asar, sai ya sa kowa ya sauke jirginsa, ko da iskar da muka wuni muna jira ce ta zo a daidai lokacin. Ya ce ba a yawo a kan mai gaida Ubangijinsa. Babu wanda ya roƙe shi wannan. Na so mutumin nan ƙwarai, ina faɗa ne tun yanzu don kada abin da zan faɗa gaba ya sa a yi zaton ban so shi ba.

Wani malamin lissafi da ke cikinmu shi ya kawo shawarar a buga mana riguna. Sunan da suka zaɓa da Faransanci yana nufin yaran iskar sama, kuma da Mosanci, harshen su Tsoho, ma yana da daɗin ji. Sai malamin ya ce tunda kulob na kowa ne, a rubuta shi da harshen kowa. Aka tambayi wani Bajule da ke cikinmu ya faɗa da yarensu, aka tambayi Bafulatani ya faɗa. Aka juyo kaina. Ina da kofin shayi a hannu, na ji maganar tana hawowa, na san bai kamata ba, na kuma sake ta.

"'Yan iska," na ce.

Na ɗauka wani zai gane ya fashe da dariya, in ce wasa nake yi. Babu wanda ya gane. Tsoho ya maimaita kalmar sau biyu, ya ce tana da kaifi a baki, gajera ce kuma, saboda haka ita za a sa a ƙirji da manyan baƙaƙe, sauran harsunan su tafi baya. Ya sa na rubuta masa a takarda don kada a yi kuskure. Har 'yar ƙugiyar da ke gaban harafin farko sai da na sa masa.

Na ce a raina gobe zan gyara. Goben ta zo na ce Lahadi. Lahadin da ta zo riguna ne suka zo, shuɗaye, guda goma sha ɗaya, Tsoho ya raba su da hannunsa, har ya yi ɗan jawabi cewa a tsufansa ya samu 'ya'ya. Ta yaya mutum zai ɗaga hannu a nan ya ce Baba, abin da ke ƙirjinka zagi ne? Na yi shiru. Kullum shirun yana ƙara nauyi, kullum kuma faɗin yana ƙara wuya. Tawa rigar a ƙasan akwatin kayan aiki take kwana. Sai mun wuce gari nake sakawa, kafin mu shigo kuma na cire, in ce zafi. Haka muka yi wata tara. Wani lokaci in na ga mutum goma a jere a bakin tudu, ma'aikata da malamai da masu iyali, kowa da shaidarsa a ƙirji, dariya takan kama ni har in koma bayan dutse. In na gama dariyar sai in ji ba daɗi.

A cikin watannin nan ne maganar aurena ta taso. Yarinyar malamar makaranta ce, tana koyarwa a unguwar Tiendpalogo, gidansu layi uku daga namu. Mun daidaita, iyayenta mata sun yarda, mahaifinta ma ba shi da ja, amma ba shi ke bayarwa ba. Yayansa ne, Baffa, dillalin shadda, wanda duk Zongo an san ya taɓa korar manema biyu daga gidan: ɗaya saboda yadda yake tafiya, ɗaya saboda yadda ya ci abinci. Ba ya aika kowa bincike, da kansa yake yi. Sai ga shi ya fara zuwa sayen goro wurin maƙwabcin rumfata, mutumin da a gidansa huhun goro ba ya yankewa. Ya zauna a benci ya zaɓi goro ɗaya na awa guda. Ni kuwa na zama salihi. Na rage murya, na kashe waƙa, ana kiran salla ina kan gaba. Mai wankin babur har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

A rana ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, babura uku suka tsaya a gaban rumfata. Tsoho ne da malamin lissafi da wani, dukansu cikin shuɗayen riguna, a tsakiyar Zongo, da rana tsaka. Ban taɓa ganin sun sa su ba in ba ranar Lahadi ba. Mai goro ya karanta, bakinsa ya buɗe. Mata biyu da ke wucewa suka tsaya. Tsoho ya sauko a natse, ya gaida kowa, ya ga dattijo a benci ya je ya ba shi hannu biyu. Baffa ya iya Mosanci kamar a ciki aka haife shi, kasuwa ta koya masa. Ya tambayi Tsoho ko ya san yaron nan. Tsoho ya dafa kafaɗata, ya nuna rubutun ƙirjinsa, ya haɗa 'yar Hausar da yake da ita.

"Mu duka 'yan iska. Amma wannan, shi ne babba."

Baffa ya dube ni, ya dubi rigar, ya tashi. Goron da ya daɗe yana zaɓa a nan ya bar shi.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, har an ƙara masa gishiri: wai muna da ƙungiya, muna da shugaba, muna fita daji duk Lahadi. Mahaifiyata ta ce dama ta san wannan fita shan iskar ba za ta ƙare lafiya ba. Da yamma aka aiko wa kawuna cewa a dakata da kawo goro. A unguwarmu in aka ce a dakata, yawanci an gama ke nan. Na kira malamar na gaya mata komai. Ta yi dariya har sai da ta ajiye wayar, sannan ta sake kira, wannan karon babu dariya. Ta ce ita ba za ta tsallake maganar Baffa ba, na sani, in san yadda zan yi. Na zauna a rumfa. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, domin na san ina gab da rasa ta a kan kofin shayi ɗaya.

Washegari na je shagon Baffa na tsuguna. Na yi masa bayanin jirage, da tudu, da iskar da ke bugun dutse, da yadda aka yi sunan ya fito. Bai katse ni ba, yana ta ninke shadda. Da na gama sai ya ce ya ji, kuma ya fi son bayanin farko.

"Da ɗan iska ne kai, da na san irin ciwon. Yanzu kana gaya mini ka bar sa'an ubanka yana yawo a gari da zagi a ƙirji wata tara, kana shan ruwan gidansa. Wanda ya yi wa dattijo haka, me zai ɓoye wa mace?"

Ya ce ranar Lahadi zai bi ni. Zan faɗa wa dattijon gaskiya a gabansa, da Mosanci, don kada in ɓuya a bayan Faransanci. Abin da ya gani a can shi zai yanke maganar.

A tsohuwar motarsa muka tafi, fiffiken jirgina ya ratsa tsakaninmu ya leƙa ta taga. Ya hau tudun nan da babbar riga da takalmin fata, yana haki, ya ƙi in riƙe masa hannu. Ranar nan iska ta zo da wuri, mai kyau, irin wadda muke yin wata ba mu samu ba. Tana kama rigar Baffa ta cika ta, ya zama mutum biyu. Malamin lissafi ya raɗa mini cewa a roƙi Alhaji ya riƙa zuwa, an huta da watsa ciyawa. Ko murmushi ban iya yi ba.

Tsoho yana bakin tudu, jirginsa mafi kyau yana sama, fari mai jan wutsiya. Mai tuƙi ba ya ɗauke ido daga jirginsa ko me ake ciki, wannan ita ce doka ta farko da ya koya mini. Na ce bari in jira ya sauke. Baffa ya ce na jira wata tara, ya isa. Saboda haka gefen fuskarsa na yi wa magana. Mosancina na kasuwa ne, na ciniki da zolaya, ban taɓa neman gafara da shi ba, kalmomin suna ta kuɓuce mini. Na ce masa kalmar da na ba su ba ta nufin abin da suke zato. Na ce da Hausa sunan marasa mutunci ne, waɗanda ba a ba su aure, ba a ba su amana. Na ce na sani tun ranar, wasa na yi, sannan kunya ta hana ni gyarawa. Sauran suka matso suna ji. Wani ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Malamin lissafi ya naɗe hannuwansa a kan rubutun.

Tsoho ya juyo da jirgin, ya kai shi can nesa, ya dawo da shi ta bayan tudu a hankali, ya kwantar da shi a kan ciyawa kusa da ƙafar Baffa. Ya kashe telekomand. Sai a sannan ya dube ni.

"Na sani," ya ce. "Tun mako na biyu. Mai tsiren layinmu ɗan Nijar ne. Da ya ga rigar sai da ya zauna a ƙasa."

Na ce to me ya sa ya ci gaba da sawa. Ya ce da ya cire, da ni ban taɓa faɗa ba, da kuma na saba. Ya yi ta jira in zo da kaina. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya ce bari ya kawo mini rigar har gida, ko idon unguwa zai yi abin da nasa ya kasa. Abin da bai sani ba shi ne dattijon da ke kan benci surukina ne. Da ya sani da ya zaɓi wata ranar. Ya juya ga Baffa ya ba shi haƙuri a kan wannan. Sannan ya ce mini ni na sa masa riga wata tara, shi kuma ya sa mini ta kwana biyar, yana ganin bai zalunce ni ba.

Na so in yi dariya, sai hawaye suka zo a maimakonta. Duk Lahadin nan da nake ɓuya bayan dutse ina ƙyaƙyata su, ashe yana sane, yana kuma miƙo mini shayi.

Malamin lissafi ne ya fara faɗa, shi da bai sani ba, ya ce ya je taron iyayen yara da rigar nan. Wannan ita ta karya Baffa. Ya yi ƙoƙarin dannewa, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, daga baya ya zauna a kan dutse ya yi dariyar da mutanen Zongo ba su yarda ya iya ba da na ba su labari. Da ya nutsu ya share ido da hannun riga, ya koma Baffan da na sani. Bai dube ni ba. Ya juya ga Tsoho ya tambaye shi, tunda shi ya fi kowa ganin halina, in da 'yarsa ce zai ba ni.

Tsoho ya ce bakina ya fi hankalina gudu, wannan ba zai ɓoye ba. Amma ya ga na sauka cikin ƙaya na tsinto abin da na fasa, guntu-guntu, ban bar ko ɗaya ba. Ya ce zai ba ni, sai dai ya gaya wa yarinyar kada ta yarda da fassarata.

Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a kawo goro. Ya ce yana son Tsoho ya biyo kawunnaina, ya zauna a gaba. Ya fara gangarawa, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Amma don Allah," ya ce masa, "da wata rigar."